Tsoffin allunan neyon na Yamai: kada a auna su a kilo

Idan tsohon allon neyon ya daina kamawa a bakin wata farmasi ko otel a nan Yamai, abin da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ne, mai wurin ya kira yaron da ke mishi gyaran lantarki, yaron ya taɓa nan ya taɓa can ya ce Alhaji wanga ya mutu, a sa na LED kawai ya fi arha kuma ba ya cin kuran, sai a kwance allon a jingine bayan gida, in an kwana biyu masu sayen tsohon ƙarfe su ɗora shi a amalanke su nufi kasuwar Katako. Can gilashin ba ya da wani nauyi da za a biya sai a farfasa shi, a zare jan ƙarfen da ke cikin tiransfo, tol ɗin kuma a yanka a yi murhu ko akwati. Wallahi abin yana yi mini ciwo, don da yawa cikin allunan nan ba su mutu ba, kuma ko wanda ya mutu da gaske akwai abin ajiyewa a jikinshi.

Mu fara raba abubuwa uku da muke haɗawa wuri ɗaya. Akwai doguwar ampul fara miƙaƙƙiya ta cikin ɗaki da masallaci wadda kowa ke ce ma neyon, wannan inji ke buga ta dubbai a masana'anta, kuma babu iskar neyon a cikinta ma. Akwai igiyar roba mai ƙananan fitilun LED wadda ta cika butik-butik da wuraren aski yanzu, a naɗe take zuwa daga Sin, da almakashi ake yanka ta, bolt 12 ko 24 take ci. Sai na uku wanda shi nake nufi, siririn bututun gilashi mai kaurin milimita 8 zuwa 15, wanda mutum ya gasa a wuta ya lanƙwasa da hannunshi harafi bayan harafi, ya zuƙe iskar ciki, ya ɗura gaz, ya rufe.

Yadda ake yin shi ne ke nuna dalilin da ya sa ba a jefar da shi. Mai aikin yana shimfiɗa zanen rubutun a kan tebur, girmanshi daidai da girman allon, kuma a juye yake zana shi don ta baya ake lanƙwasawa. Ya ɗauki miƙaƙƙen bututu ya toshe baki ɗaya, ɗaya bakin ya haɗa da ƴar tiyon roba da ke cikin bakinshi, ya riƙa juya gilashin cikin harshen wuta har ya yi laushi ya fara saki, nan take ya sauke shi kan zanen ya karya kwana, yana hura iska kaɗan kaɗan don kada kwanar ta matse ta toshe. Ƴan daƙiƙu gare shi kafin gilashi ya sandare, in ya makara shi ke nan. Bayan ya gama harafin ya liƙa ƴar ƙoƙuwar ƙarfe a kowane baki, ita ke shigar da wuta. Sannan a haɗa shi da fanfo mai zuƙe iska a saka mishi wuta mai ƙarfi har ya yi zafi sosai duk dattin ciki ya ƙone ya fita, ya huce, sannan a sa gaz ɗan kaɗan. Duk wanda ya samu irin allon nan a kusa ya leƙa tsakanin haruffa, zai ga gilashin bai yanke ba, ya zarce ne ta baya an shafe wurin da baƙin fenti don da dare ido ya ga haruffan a rarrabe, kuma zai ga ƴan ƙafafun gilashi da anka ɗaure bututun a kansu da siririyar waya. Ba za ka samu guda biyu da sunka yi daidai ɗari bisa ɗari ba, hannun mai yi yana fitowa a kowace kwana.

Launi kuma ba daga fenti yake ba kamar yadda wasu ke zato. Neyon zalla a cikin gilashi garai ja yake badawa, ja mai ruwan lemo, shi ne ainihin launin. Shuɗi daga wata iska ce da ake kira argon, da ɗigon zaiba a ciki, zaibar nan dai da masu haƙar zinariya ke aiki da ita. Kore da fari da ruwan hoda ana samun su ne idan anka shafe cikin bututun da wata hoda mai ɗaukar haske, ko kuma gilashin da kanshi mai launi ne. Don haka koren kuros ɗin da ke bakin tsoffin farmasi in na gilashi ne, to akwai zaiba a cikinshi, a riƙe wannan don zan komo kanshi.

Tarihin a taƙaice, a Landan anka gano iskar neyon a 1898, William Ramsay da Morris Travers sunka fitar da ita daga iskar da muke shaƙa, inda take kaɗan ƙwarai, wajen kashi 18 cikin miliyan. Amma wanda ya mai da ita fitila Bafaranshe ne, Georges Claude, ya nuna ta a bajekolin motoci na Paris a Disamba 1910, a 1912 kuma wani shagon aski a Paris ya kafa allon talla da ita. Daga Faransa ta bazu duniya, kuma mu nan al'adar alamar shago, har da koren kuros na farmasi, ta hanyar Faransa ta iso mana.

To me ke kashe allon neyon a garinmu? Abin mamaki gilashin ne ya fi komai daɗewa, babu zaren da ke ƙonewa a ciki irin na ampul, bututu mai kyau yana iya shekaru gommai yana ci. Abin da ke fara lalacewa tiransfo ne da waya. Tiransfon neyon yana ɗaukar bolt 220 namu ya ɗaga shi zuwa dubbai, daga 2,000 har 15,000 gwargwadon tsawon gilashin da yake ciyarwa. Yanzu ka tuna yadda kuran ke tafiya yana komowa a watan Afrilu da Mayu, ko lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agusta 2023 gari ya koma kan gurup, ka haɗa da zafin da ke wuce 40 a inuwa balle cikin akwatin tol da ke kallon rana tun safe, ai dole tiransfo ya gaji robar waya ta bushe ta tsattsage. Sai ƙurar hunturu ta kwanta a kan mahaɗan, ruwan farko ya sauka ya mai da ita laka, wuta mai dubban bolt ta samu hanyar bi ta waje, ka ji allo yana tsartsar yana warin ƙuna. In ka buɗe akwatin kuma sau da yawa za ka tarar zanzaro ya gina ɗakinshi a kan mahaɗi, ko ƙadangare ya bushe a kan tiransfo.

Ga kuma wani abu da ke ruɗar masu gyara. Haruffan da ke kan tiransfo ɗaya a jere suke, wuta na fita daga wannan ta shiga wancan, don haka harafi ɗaya tak in ya tsage iska ta shiga, sauran duka sai su ɗauke ko su koma ƙyafta ido. Mutum ya ga allo gaba ɗaya duhu ya yanke hukunci ya mutu, alhali haruffa tara cikin goma lafiyarsu lau. Akwai ƴar na'urar gwaji da ake kusantar da ita jikin gilashin daga waje, in gaz na nan sai wurin ya haska, ko ba a haɗa shi da tiransfo ba. Da ita ake tantancewa harafi harafi. Amma don Allah kada yaron unguwa ya sa hannu a waya allo na kunne, wannan ba wutar ɗaki ba ce, tana jefar da mutum daga kan tsani kuma tana tada gobara.

Sauran masu kashe su ba na lantarki ba ne. Guguwar da ke zuwa gaban ruwa tana fizge allo, shago ya canza hannu sabon mai shi ya ce a cire sunan tsoho, ga gobarar kasuwa, Grand Marché ta ƙone a 1982, Petit Marché a 2012, duk wani allo da rubutun da ke ciki ya tafi da su. Sai kuma gyaran gari, a shekarun Niamey Nyala, wato tsarin gwamnati na ƙawata Yamai, da shirin taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019 an faɗaɗa hanyoyi an kwashe rumfuna da yawa daga bakin gudron. Gari dole ya gyaru, ban ce kada a yi ba, amma katafila ba ta tambayar wa ya rubuta allo.

In anka yi sa'a anka riski allo kafin ya tafi, tsarin ceto ba ya son gaggawa. Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya a ɗauke shi hoto yana wurinshi, daga nesa yadda ginin da hanya za su fito, daga kusa, daga baya, da dare ma in yana ɗan kamawa. A yanke wuta daga asalinta. Sannan a kwance gilashin daban, kowane yanki a sa mishi lamba a rubuta lambar a kan hoton, a naɗe shi a soso ko tsumma mai laushi a kwantar a karton, kada a ɗora wani kan wani, kuma kada a bar gilashi a jikin tol a ce za a sauko da su tare da igiya, tol na lanƙwasawa gilashi ba ya lanƙwasawa. Abin da na fi ba muhimmanci duka shi ne zane. A shimfiɗa babbar takarda, ko takardar buhun siminti ce in an goge ta, a kwantar da kowane harafi a bi gefenshi da fensir, a nuna inda kwana take da inda bakin ƙarfen ya fito da kaurin bututun da launin da yake badawa. Masu lanƙwasa gilashin neyon sun yi ƙaranci a duniya gaba ɗaya tunda LED ta cinye kasuwa, kada ka dogara cewa in ya fashe za ka samu mai sake shi a kusa, amma in zanen na hannu ko bayan shekara 20 ne ana iya aika shi inda mai sana'ar yake ya fitar da irinshi. Ko gutsattsarin da sunka riga sunka karye a auna su a zana.

Na ce zan komo kan zaiba. Bututun da ba ja ba in ya fashe a cikin ɗaki a buɗe taga a fitar da yara, kada a share da tsintsiyar da ake sharar gida, a kwashe da kwali a sa a kwalba mai marfi. Tsohon gilashin neyon akwai dalma a cikinshi, tsohon fenti ma sau da yawa haka, don haka kankare tol da takardar yashi ba rufe hanci ba dabara ba ce. Wannan ma wani dalili ne da ya sa fasa su a tsakiyar kasuwa inda ake saida abinci gefe bai dace ba.

Yanzu mu zo inda masana kansu ba su daidaita ba, wato in an ceto allon yaya za a nuna shi. A Las Vegas ta Amurka akwai gidan tarihin neyon da anka kafa a 1996, fili ne a waje da alluna sama da 200 na tsoffin otel-otel da gidajen caca, da yawansu daga bayan gidan kamfanin YESCO da ya ƙera su anka kwaso. Wasu ne kawai anka gyara suna kamawa, sauran suna nan da tsatsarsu da koɗaɗɗen fentinsu ana haska su da fitila daga ƙasa, a 2018 ma sunka fara harba hoton haske a jikin matattun alluna da dare yadda mai kallo zai ga yadda suke a da ba tare da an taɓa su ba. Garin hamada ne kamar namu, rashin danshi na rage tsatsa, rana kuma na cin fenti. A Warso ta Poland an buɗe nasu gidan a 2012 don allunan zamanin gurguzu, waɗanda masu zanen gine-gine da masu zane sunka tsara wa tituna, amma akwai wata shahararriya ta mace mai jefa ƙwallon raga da anka gyara a 2006 anka bar ta a kan gininta. A Hong Kong kuwa hukuma ce ta riƙa bada odar sauke alluna saboda dokar gine-gine da tsoron kada su faɗo kan mutane, har babbar saniyar neyon ta gidan abincin Sammy's Kitchen anka sauke a 2015, gidan tarihi na M+ ya karɓe ta.

Hanyoyi uku ke nan, a bar shi a wurinshi yana aiki, a kai shi gidan tarihi a kunna, ko a ajiye shi a kashe. Ni a ganina wanda ke bakin titinshi yana ci ya fi duka, don allo an yi shi ne a gan shi daga nesa a ce ga kwanar, mutum ya yi kwatance da shi a taksi. In mai wurin zai iya sayen sabon tiransfo da sabuwar waya da abin kare hawa da saukar wuta, ya riƙa kunna shi awa biyu uku bayan magariba, ya isa. Ba dole ya kwana yana ci ba. Wanda kuma zai yi odar tiransfo ya lura, na Amurka bolt 120 ne namu 220, kuma ƙarfinshi dole ya dace da tsawon gilashin, in ya yi ƙasa haske ya riƙa rawa tiransfon ya ƙone.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zare gilashin a manna igiyar LED a gurbin a ce an gyara. LED ba laifi gare ta ba, ga mai sabon shago ita ta fi, wuta kaɗan take ci, batirin sola ma na ɗaukarta, ba ta fashewa. Amma ka ɗauki babbar riga mai aikin hannu ka warware askar ka mai da ta keke, rigar na nan, abin da ya sa ake tsayawa kallonta ne babu. Gilashin neyon ta kowane gefe yake fitar da haske har ya wanke tol ɗin da ke bayanshi, igiyar LED gaba kawai take haskawa. In har dole ta sa aka yi haka saboda kuɗi, to a ajiye gilashin asali a karton da lambobinshi, kuma kada a huda tol ɗin sababbin ramuka barkatai. Haka shi ma fenti, mutanenmu na son su ga abu fes, da an ce gyara sai a malale shi da sabon fentin mota, rubutun hannun da ke ƙasa ya ɓace har abada. A wanke ƙura, a tsaida tsatsa inda take ci, saura a bar shi.

Na san wani zai ce to ai da yawan allunan nan na bar ne da tallar giya da sigari, kuma da Faransanci, me ya haɗa mu da su, ga matsaloli sun fi haka. Ajiye abu ba yabonshi ba ne. Kuma ba su kaɗai ba ne, akwai na farmasi, na masu hoto, na otel, na shagon littattafai, sunayen iyalai ne da sunka kafa kasuwancin garin nan. Yamai gari ne matashi, a 1926 ta zama babban birni, ba mu da tsohon gari irin na Agadas da UNESCO ta sa a jerinta na kayan tarihin duniya a 2013, tarihinmu na ƙarni na 20 ne, yana jikin siminti da tol da gilashi, in munka ce wannan bai tsufa ba balle a adana shi sai mu wayi gari babu abin nuna wa jikoki yadda titi yake a shekarun 1970 da 1980 lokacin kuɗin yuraniyom. Allunan aski na fentin hannu na Afirka ta Yamma ma ai haka anka raina su, yau suna rataye a gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Kuma ajiye abin da ba ya aiki ba baƙon abu ba ne gare mu. Itaciyar Tenere da mota ta kaɓe a 1973, busasshen gangar jikinta anka ɗauko tun daga hamada anka gina mata rumfa a gidan tarihi na Boubou Hama a nan Yamai, ƴan lekol na zuwa suna kallo har yau. Gidan nan tun 1959 yake, fili gare shi, kuma masu sana'ar hannu na zaune a ciki suna aiki, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa. Rumfa ɗaya mai inuwa da bango a bayanta ta isa ta ɗauki alluna goma, a ɗaga su daga ƙasa saboda ruwa da gara, a sa shinge yadda hannun yaro ba zai kai ba, wanda ke iya kamawa a haɗa shi da makunni a hannun ma'aikaci. Ba sai gwamnati ba ma, otel ko gidan abinci mai babban bango na iya karɓar amanar allo da sunan mai shi a rubuce.

Sai dai allo ba bayani rabin abu ne, kuma bayanin ya fi allon saurin tafiya don a bakin tsofaffi yake. Duk wanda ke da irin wannan a bayan gidansu ko a sito, ya zauna da Baba ko Kawu ko tsohon maigadin wurin ya kunna rikoda a salula ya tambaye su wace shekara anka kafa shi, daga ina anka kawo shi, a nan anka haɗa ko odar shi anka yi, wa ke gyara shi, wane launi yake yi da dare, harafi harafi yake kamawa ko gaba ɗaya. A duba jikin tiransfo ma, akwai ƴar farantin ƙarfe mai sunan kamfani da ƙasar da ta yi shi da yawan bolt, wani lokaci har da shekara, a goge ta da tsumma a ɗauke ta hoto kafin mai sayen jan ƙarfe ya zo. Hoton da rikodar da zanen takardar a haɗa su wuri ɗaya da gilashin, a rubuta sunan kartiye da titin a bayan karton.